Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Reshen Fulawata Yake Ruɓewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yanko reshen fulawa mai yaɗo a gidan maƙwabciyata na tsoma a kwalbar ruwa, amma ya ruɓe bai yi saiwa ba. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Saiwa daga gaɓa take fitowa, wato inda ganye ya haɗu da reshe, saboda haka ki sa reza mai tsabta ki yanke reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, dab da ƙasan gaɓa. Ki tsinke ganyayen ƙasa, domin ganyen da ya nutse a ruwa shi yake fara ruɓewa, har ruwan ya yi yauƙi ya kashe reshen. Ki riƙa sauya ruwan duk bayan kwana 3, ki ajiye kwalbar inda haske yake shiga amma rana ba ta dukanta. Galibi fararen saiwoyi sukan ɓullo cikin mako 2 zuwa 4, sai dai sanyin hunturu yakan jinkirta su. Idan sun kai santimita 5, ki dasa a tukunya mai huji a gindi, cikin ƙasa gauraye da yashi.