Amsa: ciro HTML (lambar shafin yanar gizo) ɗin da React, kayan aikin gina shafuka, ya zana a matsayin rubutu

Ɗan'uwa, ka ce kana son HTML ɗin rasit don tura wa kwastomomin shagonku na Agege ta imel. To, a kan saba (server), ka kira renderToStaticMarkup daga react-dom/server, zai ba ka HTML zalla. renderToString na wanda zai sake raya shafin a burauza ne, kai ba ruwanka da shi.

Amma kula, useEffect, wanda ke gudana bayan an zana shafi a burauza, ba ya aiki a kan saba. In da shi kake ɗauko farashin kaya, rasit zai fito wayam. Ɗauko bayanan tukuna, ka miƙa su ta props, wato bayanan da ake ba component.

A burauza kuwa, sa ref (manuni) a kan div ɗin da ya ƙunshi rasit ɗin, ka karanta outerHTML ɗinsa. Sai dai CSS (adon shafi) na fayil daban ba ya biyowa, gara ka rubuta shi a jikin kowane tag.