Likita, kewar gida ce ke damuna ko kiranye aka yi min?

TAMBAYA: Salam Likita, dan Allah a sakaya sunana. Ni mutumin Funtuwa ne, shekarata 36, na zo Ingila tsakiyar 2024 da bizar aikin kula da tsofaffi, ina wani gari kusa da Lids. Matata da yarana biyu suna gida, ƙaramar ma ina nan aka yaye ta. Da farko lafiya lau, amma tun da sanyin nan ya shigo na rasa gane kaina. In na sauko daga diyutin dare barci ba ya zuwa, abinci ba ya shiga, na rame, in mun gama bidiyo kol sai in zauna in ta hawaye. Kullum zuciyata cewa take tattara ka tafi. Yayana ya kai sunana wajen wani malami ya ce kiranye ne, wai kuma daga ɗakina aka yi shi, matata kenan. Na tura fam 200 na aiki, yanzu an ce saura rago. Abokin aikina kuma ya ce kar in kuskura in je wajen likita, in suka rubuta ina da matsalar ƙwaƙwalwa biza ta tafi. Wani lokaci har ji nake gara in kwanta kar in tashi. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannu, Allah ya yaye maka. Maganarka ta ƙarshe ita zan fara ɗauka don ita ta hana ni ajiye saƙonka zuwa gobe. Wannan tunanin na gara ka kwanta kar ka tashi, in ya taɓa kai ga ka fara tunanin yadda za ka yi, ko ka tara wani magani a ɗaki, to ka bar karatun nan ka kira 999, lambar agajin gaggawa, ko ka tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. In bai kai can ba amma dare ya yi maka tsawo, akwai 111, layin neman shawarar lafiya, akwai kuma Samaritans, ƙungiyar masu sauraron wanda ke cikin damuwa, a 116 123, kyauta ne dare da rana. Kuma ka faɗa wa mutum ɗaya da ke kusa da kai a garin nan, yau.

Kewa dai kowa na yi. Ni ma shekarata ta farko a ƙasar nan ƙamshin daddawa kawai na ji a gidan wani na kusa kasa cin abincin. Amma kewa tana zuwa tana tafiya, ka yi waya da gida ka ji sanyi, ka ci tuwo ka yi dariya da mutane. Naka ya wuce nan. Barci ya tafi, ci ya tafi, jiki na zubewa, wayar da ya kamata ta sanyaya maka rai ita ke sa ka kuka, ga tunanin mutuwa, kuma an fi sati biyu ana haka. Ban duba ka ba, amma abin da ka zayyana ya yi kama da ciwon damuwa sosai, kuma ana warkewa.

Ka lura da lokacin da ya fara ma. A Disamba wajen Lids rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Kai kuma ka sauko aiki da safe ka ja labule, lokacin da za ka buɗe ido Magariba ta yi. Mutumin da ya tashi a ranar Funtuwa sai ya yi sati bai ga hasken rana ba, yana cin burodi da shayi shi kaɗai a ɗaki. Wannan kaɗai ya isa ya birkita barcin mutum da yanayinsa.

To bari mu zo kan kiranye, don wallahi wannan maganar ta ishe ni. Babu watan da zai wuce ban ji ta ba, in ba kiranye ba kurciya, in ba kurciya ba aljani ya shafe shi a jirgi. Ka tsaya ka duba abin da malamin nan ya gano. An ce masa ga mutum ya bar matarsa da 'ya'yansa fiye da shekara, yana ƙasar da bai san kowa ba, zuciyarsa na son komawa gida. Shi ne ya buga ƙasa ya ce an kira shi. Haba. Ina abin duba a nan? Ai wanda ya kamata a kai sunansa wajen malam shi ne wanda ya bar jaririya a gida bai taɓa jin yana son ganinta ba. Kuma ka lura da yadda lissafinsu yake tafiya, in ka ji sauƙi aikin malam ne, in ba ka ji ba to mai asirin ta sake sabo, a ƙaro kuɗi. Babu ranar da zai ce maka na kasa, je ka asibiti. Fam 200 jiya, rago yau, gobe za a ce sai an sauke Alƙur'ani da ɗalibai arba'in, don an riga an ji kana karɓar fam, kuma a gida duk wanda ke Turai gani ake a bakin titi yake tsintar kuɗi. Kai ka san awa nawa ka tsaya kana ɗaga tsoho kana canza masa zanin gado kafin ka haɗa 200 ɗin nan.

Kuɗin ma ba shi ya fi ƙona min rai ba, wanda aka ɗora wa laifin ne. Kusan kullum mace ce, ko mata ko kishiyar uwa ko surukuwa. Baiwar Allah tana can ita kaɗai da yara biyu, ita ce kai makaranta ita ce asibiti in zazzaɓi ya tashi da dare, tana jiran wayarka, an zo an sa maka zarginta a rai. Mutum mai ciwon damuwa dama ƙwaƙwalwarsa baƙi take hango komai, sai a ba shi wanda zai tsana, kuma a zaɓi mutumin da ya fi kowa riƙe shi. Na ga inda aka yi saki ta WhatsApp a kan irin wannan magana, bayan wata uku mutumin ya fara shan magani ya dawo hayyacinsa, idda ta riga ta cika. Na kuma ga wanda aka aiko wa da hayaƙi ta hannun matafiyi, ya rufe taga ya turara a ɗakin haya, ƙararrawar gobara ta tashi duk gidan, aka kusa korarsa, ciwon kuma yana nan inda yake. Wata shida ya ɓata kafin ya zo, lokacin ya riga ya fara makara wajen aiki ana rubuta shi.

Kar wani ya ce na ce a bar addu'a. Yi azkar ɗinka, karanta Falaƙi da Nasi ka tofa, ba wanda zai karɓi ko fam ɗaya a hannunka a kan wannan. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce kewa da baƙin ciki alamar sihiri ne ko raunin imani. Annabi Yakubu idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, yana nan a aya ta 84 cikin Suratu Yusuf, wa ya yi masa kiranye? Sayyidina Bilal da suka iso Madina zazzaɓi ya kama shi, in ya lafa sai ya ɗaga murya yana baitoci yana begen kwarin Makka da ciyayinta da ruwan Majanna, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ba a nemo wanda ya yi wa Bilal asiri ba. To ina malamin yayanka ya samo nasa ilimin, har da nuna yatsa ga matar aure ba shaida ba komai? Wannan ƙazafi ne, kuma shi ma ya san hukuncin shiga tsakanin miji da mata.

Wani abin da ke biyo bayan wannan hanya, in rubutu bai sa barci ba sai a koma ƙwaya. Wani zai ce bari a saƙo maka D5, wato diazepam, ko tiramol cikin kayan yaji. Dukansu magunguna ne da doka ta tsare a Ingila, kama ka da su ba takardar likita shi ne abin da zai iya taɓa bizarka da gaske, ga kuma jaraba, sati kaɗan jiki ya saba ka kasa barci sai da su.

Shi kuma abokin aikinka, jita-jita ya kwaso. Ba a soke biza don GP, wato likitan unguwa da ake rajista da shi, ya rubuta mutum yana da ciwon damuwa, kuma mai gidan aikinka ba ya ganin fayil ɗinka sai da izininka. Abin da ke kayar da biza irin taka shi ne rasa aikin, daga nan galibi kwana 60 ake ba mutum ya samo wani mai ɗaukar nauyi. Wato zama da ciwon har ka kasa aiki shi ne haɗarin. In jiki ya ƙi, kwana 7 na farko kai za ka shaida da kanka ba ka da lafiya, bayan nan GP ya ba ka takarda.

Dokar da ta raba ka da iyalinka kuwa ni ma tana min ciwo. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi zuwa da mata da yara, da ka riga ranar da 'yan watanni da yanzu suna gefenka. An yarda ka kula da iyayen wasu, naka iyalin kuma ka gan su ta waya. In kiranye ake nema, to ga inda aka ƙulla shi, a ofis.

Gobe da safe ka kira GP, in ba ka yi rajista ba ka yi, kyauta ne. Ka faɗa masa komai har da tunanin mutuwar, kar ka tsaya a kan ciwon kai da kasala irin yadda mutanenmu ke yi. Ka nemi a duba jininka, ƙarancin jini da tayirod da bitamin D, dama NHS, hukumar lafiya ta ƙasar nan, na ba masu baƙar fata shawarar shan maikrogiram 10 na bitamin D kullum duk shekara. Akwai kuma NHS Talking Therapies, inda ake maganin damuwa ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, da za ka iya tura sunanka da kanka ta intanet, sai dai layi na iya yin tsawo. In an ba ka magani irin su sertraline, kar ka yar da shi bayan kwana biyar ka ce ba ya aiki, yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin ka ji shi sosai, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Ka roƙi manaja a rage maka diyutin dare ko na wata biyu ne, kuma ko ana tsuga sanyi ka fita rabin awa da rana. Juma'a ka je masallaci ka tsaya bayan sallama, Lids da Biradfod ba a rasa 'yan Najeriya.

Maganar tattarawa ka tafi gaba ɗaya, ka ajiye ta sai barcinka ya dawo, ba a yanke irin wannan shawara cikin ciwo. Amma kana da haƙƙin hutun shekara, sati 5 da 'yan kwanaki in kana cikakken aiki, kuma bizarka ba ta hana ka zuwa gida ka dawo ba. Kuɗin ragon nan ka fara tara na tikiti da shi. Yayanka ka gode masa ka ce an gama aikin haka nan. Ita kuma uwar yaran, in maganar kiranyen ta riga ta kai kunnenta, ka kira ta yau bayan yara sun kwanta ka ba ta haƙuri, ka faɗa mata ba ka da lafiya kuma gobe za ka ga likita.