Amsa ga Kawu: guguwar Atlantika da ruwan da muke tsoro a Ikko

Kawu, ka ji a rediyo mahaukaciyar guguwa ta taso a tekun Atlantika, kana tambaya ko mu mazauna Legas mun fara ɗaure kaya. Kwantar da hankalinka. Irin wannan guguwa ba ta biyowa ta nan, asali ma ta wajenku take samo tushe.

Hadarin nan da ke taso muku daga gabas a Agusta da Satumba, ayarinsa yakan ci gaba da tafiya yamma har ya fita ta gaɓar Senegal, wajen tsibiran Kef Bad. In ya tarar zafin ruwan teku ya kai digiri 26 da rabi, sai ya fara juyawa yana tara ƙarfi, iska kuma ta kora shi Karibiyan da Amurka. Haka Irma ta faro a 2017. Wato baya take ba mu. Ga shi kuma Legas na dab da tsakiyar duniya, inda hadari ba ya samun juyin da zai naɗe shi ya zama guguwa.

Masu 'yan'uwa a Karibiyan da Amurka su ke bin sawunta. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Cibiyar hasashen guguwa ta Amurka da ke Miyami na fitar da sanarwa duk awa 6, daga hotunan tauraron ɗan Adam da jiragen sama masu kutsawa cikinta suna sakin na'urorin awo. Ƙarfinta mataki biyar ne, gwargwadon gudun iskarta: na ɗaya daga kilomita 119 a awa, na biyar daga 252. Inda ake yawan kuskure shi ne zanen nan mai kama da mazurari a taswira. Hanyar da tsakiyar guguwar za ta iya bi kawai yake nunawa, ba iyakar ɓarnarta ba. Igiyar ruwanta kan isa gaɓar da ke nesa ƙwarai, rana na haskawa, ta ja mai wanka.

To, nan ne abin ya shafe mu. Tamu igiyar daga can kudancin Atlantika take zuwa, ta fi tsanani da damina. Shi ya sa masu doki da masu tsire a bakin tekun Elegushi, da masu gadi a Lekki, ba sama suke kallo ba, ruwan suke kallo. A duba hasashen teku na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, sannan a ƙirga tazarar da ke tsakanin igiya da igiya: in ta haura daƙiƙa 12, daga nesa ta zo, kuma takan hauro tudu fiye da yadda ido ke zato. A haɗa da lissafin wata, don teku ya fi cika a tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu. Ranar da biyun suka haɗu, rumfa da tukuba a ja su baya tun da yamma. Ba a manta da bakin tekun Kuramo a nan Legas ba, inda teku ya yi awon gaba da mutane a Agustan 2012.

Baƙo daga gida kuwa, ko ya saba da kogin Hadeja, abin da ke cin sa shi ne ruwa mai ja. Igiya ta tara ruwa a gaɓa, ruwan ya nemi hanyar komawa, sai ya ratsa ta wani siririn wuri da sau da yawa bai wuce mita 25 ba. Wurin yakan yi duhu, ya kwanta lumui, kumfa da shara na tafiya ciki. Baƙo kuma nan yake zaɓa don ya ga babu igiya. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita. Na tudu ya jefa masa jarka ko igiya, ya kira 112 ko 767, kada ya faɗa.

Mu dai yaron da ya zo hutu ba ma barin ruwa ya wuce masa gwiwa.