Tambaya da Amsa: Furojet ɗina ya koma shotkot

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Ina ajin ƙarshe, na kai filashi ɗina bizines santa aka yi min firintin babi na 3 na furojet, da na dawo na saka a laftof sai na ga duk foldojina sun koma shotkot, masu 'yar kibiyar nan a gefe. Ƙawata ta ce in yi fomat kawai. Wallahi ba ni da kwafi ko'ina.
Wata ɗaliba, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, bairos ne ya kama filashinki, kuma kar ki kuskura ki yi fomat tukuna, shawarar ƙawarki ce za ta cinye aikin ba bairos ɗin ba. Wannan bairos galibi ba ya goge komai, ɓoye fayilolin yake ya ajiye na bogi a madadinsu, kina danna na bogin sai ya shige kwamfutarki, daga nan duk filashin da aka soka mata shi ma ya kwasa. Kwamfutar shagon firintin kuwa filashi nawa take gani a wuni? Kamar randar bakin masallaci ce, kowa da irin hannun da yake tsomawa.

To kar ki ƙara danna shotkot ko ɗaya. Ki danna filashin da maɓallin dama ki sa Microsoft Defender, manhajar kama bairos, ya bincike shi, kyauta ne, yana cikin Windows 10 da 11, sannan ki sa ya bincike laftof ɗin gaba ɗaya tunda na san kin riga kin danna, kowa ma dannawa yake. Sai ki duba harafin da kwamfutar ta ba filashin, a ce E ne, ki buɗe cmd (allon rubuta umarni, ki rubuta cmd a wurin bincike na Windows) ki rubuta E: ki danna Enter, sannan ki rubuta

attrib -h -r -s /s /d *.*

Enter kuma. Ki kula da tazarar da ke tsakani. Ki ɗan jira, za ki ga kayanki sun fito, wani lokacin cikin wata folda mara suna, ki leƙa ciki. Ki kwafe su zuwa laftof, yanzu ne za ki yi fomat.

Amma tsakani da Allah "ba ni da kwafi ko'ina" ɗin nan ya fi bairos ɗin tayar min da hankali. Aikin wata da watanni a abu ɗan mitsitsi da kan tafi wanki a aljihu? In kina da Gmail kina da 15GB kyauta a Google Drive, duk daren da kika ƙara ko shafi ɗaya ki tura can.

In Windows 10 ce a laftof ɗin, Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, ki sa mai gyara ya duba ko za ta ɗauki 11. Firintin kuma nan gaba ki mai da shi PDF ki tura wa mai shagon ta WhatsApp, filashinki ya yi zamansa a jaka.