Tambaya da Amsa: Cleveland Browns Ta Rushe Komai Ta Sake Gini, Ko Ta Ci Gaba da Faci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, ina aiki a wani gidan ajiyar kaya. Ni tun ina gida ƙwallon Ingila na sani, amma a nan abokan aikina ba su da hira sai ta ƙwallon Amurka, musamman ƙungiyarsu Cleveland Browns. Tun da ta ci wasa 3 kacal cikin 17 a kakar 2024 suka rabu gida biyu. Wasu na cewa a sallami manyan 'yan wasa har da Myles Garrett, gwarzon mai tsaron bayansu, a tara matasa, a haƙura da shan kashi na shekara biyu ko uku. Wasu kuma na cewa an taɓa yin haka aka sha kunya. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, mai ƙungiyar attajiri ne, me ya hana shi ya zuba kuɗi ya sayo gwanaye kamar yadda Chelsea da Manchester City suka yi? Kuma a cikin ɓangarorin nan biyu wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da maganar kuɗin, don ita ce ke rikita duk wanda ya taso da ƙwallon Turai. A gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, ko mai ƙungiya ya mallaki rijiyar mai, akwai iyakar albashin da aka yanka wa kowa. A 2024 iyakar dala miliyan 255.4 ce, a 2025 ta koma miliyan 279.2, kuma ƙungiyoyin 32 duk iyakarsu ɗaya. Da wannan kuɗin za ka biya 'yan wasa 53. In ka ba mutum ɗaya miliyan 50, to daga bakin sauran 52 ka cire. Ba a kuma sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga hannun wata ƙungiya. Musaya ake yi, ko da wani ɗan wasan ko da gurbin zaɓe, wato damar ɗaukar sabon matashi a rabon shekara-shekara. Jimmy Haslam, wanda ya sayi Browns a 2012, yana da abin da zai gina sabon fili da shi, amma ba shi da ikon ƙara ko sisi a kan wannan iyaka.

Abu na biyu, babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Wanda ya zo na ƙarshe lada ma yake samu: a watan Afrilu, idan aka zo rabon matasan da suka fito daga jami'o'i, shi zai fara zaɓa, zakaran gasa kuma ya zo a ƙarshe. Zagaye bakwai ake yi. Kowane gurbi kadara ce da ake iya musayarta, har na shekarun da ba su zo ba. Tun daga yarjejeniyar 2011 kuma an ƙayyade abin da sabon yaro zai karɓa a shekarunsa huɗu na farko, kuma araha ne ƙwarai. Caleb Williams, wanda Chicago ta ɗauka na ɗaya a 2024, kwantiraginsa bai kai miliyan 40 ba a shekara huɗu gaba ɗaya, alhali Dak Prescott na Dallas, da dukansu kwatabak ne, miliyan 60 yake karɓa a shekara guda. Wannan tazarar ita ce tushen duk musun da kake ji. Ƙungiyar da ta dace da kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran 'yan gaba, yana yaro yana araha, tana da rarar da za ta cika sauran gurabe da gwanaye. Haka San Francisco ta kai wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, a Fabrairun 2024 da Brock Purdy, wanda shi ne na 262, na ƙarshe ƙurmus a zaɓen 2022, albashinsa ko miliyan ɗaya bai cika ba.

To yanzu ga abokan aikinka. Masu cewa an taɓa yi aka sha kunya ba ƙarya suke ba. A 2016 Haslam ya damƙa ragamar zaɓen 'yan wasa a hannun wani lauya, Sashi Brown, ya kuma ɗauko Paul DePodesta, mutumin da ya yi suna wajen lissafin alƙaluma a wasan besbol. Suka bar manyan 'yan wasa suka tafi, suka shiga tara gurabe. Gurbi na biyu na 2016 suka ba Philadelphia, ta ɗauki Carson Wentz. Gurbi na 12 na 2017 suka ba Houston, ta ɗauki kwatabak Deshaun Watson. Riƙe wannan sunan, zai dawo. Har wani ciniki suka yi da ba a saba gani ba: suka karɓi Brock Osweiler daga Houston, ɗan wasan da ba su da niyyar amfani da shi, suka ɗauki nauyin albashinsa na miliyan 16, don kawai Houston ta haɗa musu da gurbin zagaye na biyu. Gurbi suka saya da kuɗi ta bayan gida.

A fili kuwa abin bai yi daɗin kallo ba. Wasa 1 suka ci cikin 16 a 2016, a 2017 ko ɗaya ba su ci ba. Ka tambayi abokan aikinka ranar 31 ga Disamba 2017 a Pittsburgh, za ka ga fuska ta canza. Wasan ƙarshe ne, ana binsu 28 da 24, saura 'yan mintuna, dama ta huɗu kuma ta ƙarshe, in ba su matsa gaba ba ƙwallo ta koma hannun Pittsburgh. DeShone Kizer ya kuɓuce wa masu tsaro ya jefa wa Corey Coleman, yana tsaye shi kaɗai ba kowa kusa da shi, ƙwallon ta shiga tsakanin hannayensa ta fice. Coleman ɗin nan shi ne yaron da suka ɗauka a zagayen farko na 2016 bayan sun yi ta ja da baya. Mako guda bayan haka magoya baya suka fito cikin tsananin sanyi suka yi jerin gwanon gatse, suka zagaye filin wasan. An riga an kori Sashi Brown tun farkon Disamban. Koci Hue Jackson, da ya yi alkawarin faɗawa tafkin Erie in aka sake maimaita irin ta 2016, sai da ya je ya tsunduma.

Amma ga abin da wannan ɓangaren ba ya son a tuna masa. Shan kashin 2016 ne ya ba su Myles Garrett, na ɗaya a 2017. Na 2017 ya ba su kwatabak Baker Mayfield. Gurbin da Houston ta biya don ta ɗauki Watson ya zama na huɗu a 2018, suka ɗauki Denzel Ward. Gurbin Osweiler da aka yi ta yi wa dariya, shi ne ya zama Nick Chubb, ɗaya daga cikin mafiya iya gudu da ƙwallo a zamaninsa. Da waɗannan ne suka ci wasa 11 a 2020 ƙarƙashin koci Kevin Stefanski, suka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale karon farko tun 2002, suka je har gida suka doke Pittsburgh 48 da 37. Wanda ya yi shukar dai ba shi ya yi girbin ba, amma gonar ta yi yabanya. Don haka duk mai cewa rushewar farko ba ta haifar da komai ba, zafin 0 da 16 ne yake magana da bakinsa.

Abin da ya jefa su ramin da suke ciki akasin haƙuri ne. A Maris 2022 suka ga Mayfield bai kai inda suke so ba, ga shi ya buga kakar 2021 da ciwon kafaɗa, suka koma wa Houston suka karɓo Watson ɗin da suka bari a 2017. Suka ba da gurabensu na zagayen farko na shekara uku a jere, 2022 da 2023 da 2024, da wasu ƙanana. Suka sa masa hannu a kwantiragin shekara biyar kan dala miliyan 230, kuma duka tabbatacce, adadin da ba a taɓa tabbatar wa kowa ba a gasar kafin nan. A lokacin mutumin bai buga ko wasa ɗaya a 2021 ba, kuma mata fiye da 20 sun shigar da ƙararsa kan zargin cin zarafi. Shi ya musanta, ba a gurfanar da shi kan laifi ba, ya yi sulhu a mafi yawan ƙararrakin, hukumar gasar kuma ta dakatar da shi wasa 11 ta ci shi tarar miliyan 5. Magoya bayan Browns da dama sun bar ƙungiyar saboda wannan kaɗai, ba ruwansu da lissafin fili, kuma ban ga laifinsu ba.

A fili ma cinikin biri a sama ne. Wasa 6 ya buga a 2022, wasa 6 a 2023 kafaɗa ta karye, wasa 7 a 2024 jijiyar agara ta tsinke. Wasa 19 ke nan a shekara uku. Kakar da ta yi musu daɗi a tsakiya, 2023 da suka ci 11, tsoho Joe Flacco ne da aka kirawo daga gida ya ƙarasa ta, kuma wa ya kore su daga sili-ɗaya-ƙwale? Houston, 45 da 14, da yaran da ta tara, wasu da gurabun Cleveland ɗin. Mayfield da aka raina ya kai Tampa Bay sili-ɗaya-ƙwale a 2023 da 2024. Haslam da bakinsa ya amsa a Maris 2025 cewa cinikin bai yi ba.

Za ka ce to a kore shi mana a huta. Nan kalmar "tabbatacce" take cizo. Yawancin kwantiragin NFL rabinsu alkawari ne a takarda. Ƙungiya na iya sallamar mutum ta tsira da abin da ba a tabbatar ba. Na Watson babu wannan ƙofa. Ƙari a kan haka, akwai dabarar da ƙungiyoyi ke yi idan kuɗi ya matse: a mayar da albashin shekara ya zama kyautar sa hannu, a biya mutum nan take, amma a littafin gasa a rarraba nauyin a kan shekaru har biyar masu zuwa. Browns sun yi ta yi wa kwantiragin Watson haka shekara bayan shekara don su samu sarari. Bashin bai ragu ba, gaba aka tura shi. Ranar da ka sallami ɗan wasan, duk abin da ka tura zai faɗo maka a ka, ya cinye iyakar albashinka alhali mutumin ba ya sa maka riga. Shi suke kira mataccen kuɗi. Denver ta taɓa rufe ido ta haɗiye miliyan 85 irin wannan don ta rabu da Russell Wilson a 2024, kuma ta kai sili-ɗaya-ƙwale a wannan kakar da sabon yaro Bo Nix. Ana iya yi, sai dai da yaro mai araha a hannu.

Game da Garrett, ni ina tare da masu cewa a riƙe shi, ko da yake na san hujjar ɗaya ɓangaren ba ta banza ba ce. Shi da kansa ya fito fili a Fabrairun 2025 ya nemi a sake shi, yana son ƙungiyar da za ta ci kofi, wata guda bayan haka ya sa hannu kan miliyan 40 a shekara. Masu son a sallame shi suna cewa an haife shi a ƙarshen 1995, kafin ƙungiyar ta miƙe ƙarfinsa ya fara raguwa, gara a karɓi gurabe biyu na zagayen farko tun yana da daraja. Sukan kawo misalin Detroit, da ta ba da kwatabak ɗinta Matthew Stafford a 2021 ta karɓi Jared Goff da gurabe biyu na zagayen farko, ta tashi daga cin wasa 3 zuwa 9, zuwa 12, zuwa 15 a 2024. Misalin yana da kyau, amma Detroit ta samu wanda zai gaji Stafford a cikin cinikin kansa. Wa zai gaji Garrett? Gurbin zaɓe ƙuri'a ce; Coleman ma ɗan zagayen farko ne. Mutumin da aka ba kyautar gwarzon mai tsaron baya na 2023, wanda dole abokan hamayya su sa mutum biyu su tare shi, irinsa ne ake tara gurabun don a samu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sannan yaran da za ka ɗauko suna bukatar wanda za su kalla a ɗakin sauya kaya, abin da ƙungiyar 2017 ta rasa ke nan.

Inda na koma gefen masu haƙuri shi ne zaɓen Afrilun 2025. Browns na da gurbi na biyu, kowa na jiran su ɗauki Travis Hunter, yaron da ke buga gaba da baya, sai suka ba Jacksonville, suka koma na biyar suka ɗauki Mason Graham, suka ƙaru da gurbin zagaye na biyu da kuma na zagayen farko na 2026. Magoya baya sun yi ta kumfar baki, don Hunter ɗan kallo ne, Graham kuwa aikinsa turereniya a tsakiyar layi inda kyamara ba ta cika tsayawa ba. Amma ƙungiyar da ta yi shekara uku ba ta zaɓa a zagayen farko, ga albashi a ɗaure, yawan yara masu araha take bukata fiye da tauraro ɗaya. Kwatabak biyun da suka ɗauka, Dillon Gabriel a zagaye na uku da Shedeur Sanders a na biyar, hayaniyar da ake yi a kansu ta fi kuɗin da aka kashe yawa. In ɗaya ya yi, riba ce, in ba su yi ba, an yi tanadin gurabe biyu na zagayen farko na 2026 don a sake nema.

Don haka in musun ya sake tashi lokacin hutun cin abinci, ka tambayi masu son a rushe komai wane ɗan wasa ne, ban da Garrett da Ward, wata ƙungiya za ta ba da gurbin zagayen farko a kansa. Ka tambayi masu son a yi faci da wane kuɗi za su yi, Watson na zaune a kan littafin albashi. Sai dai ka yi musu a hankali. Ƙungiyar nan rabonta da kofi tun 1964, ba ta taɓa zuwa Super Bowl ba, kuma a 1996 an taɓa kwashe ta ɗungurungum aka kai Baltimore, inda ta zama Ravens ta ci kofi biyu, su kuwa suka yi kaka uku babu ƙungiya sai a 1999.