Hukuncin ba da hayar rumfar hoto a wajen biki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Aboabo ce a Kumasi. Na tara kuɗi na sayi na'urar hoton nan da ake kira 360, wadda ake hawa kan faifai kyamara tana zagaya mutum. Ina ba da hayarta a wuraren walima. Yanzu masu hidimar biki, masu kwalliyar amare da masu girki, sun gayyace ni taron baje kolinsu. Wani ya ce mini duk mai hoto ɗan wuta ne. Kuɗin nan halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya.

Hadisin da ya tsorata ki da shi ingantacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa masu yin surori su ne mafi tsananin azaba ranar ƙiyama. Sai dai a mazhabar Malikiyya da iyayenmu suka yi karatu a kanta, abin da aka haramta shi ne sura mai jiki mai inuwa, kamar gunki. Game da kyamara kuwa, Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya ce ba ƙera sura ba ne, riƙe inuwar mutum ne kawai, kamar yadda madubi ke nuna fuska. Shehu Ibn Baz ya tsananta, bai yarda ba sai da lalura. Ni na fi karkata ga halaccin, kuma ba na zargin wanda ya guje.

Inda nake jin tsoro shi ne abin da ke faruwa a kan faifan nan. Wuri ne ƙarami, mutum uku ko huɗu sai sun matsu. Ango da amarya su hau, babu laifi. Uwa da 'ya'yanta, madalla. Amma abokan ango da ƙawayen amarya su cakuɗe kafaɗa da kafaɗa ana juyi, wannan ya saɓa wa aya ta 30 da ta 31 na Suratun Nur da suka umarci maza da mata da runtse ido, kuma ke ce kika danna maɓallin.

Sannan amana. Wani magidanci ya taɓa zuwa wurina bayan Magariba, hannunsa na rawa, ya miƙo mini waya. Bidiyon matarsa ne a TikTok, gyale ya zame, mai na'urar ya ɗora don talla. A wajen walimar mata aka ɗauka, ita ba ta ma sani ba. Da ƙyar muka ceto auren. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Don haka kuɗinki halal ne, matuƙar kin gindaya sharaɗi tun wajen ciniki: mata da lokacinsu, maza da nasu, bidiyo kuma a tura wa mai shi kaɗai a goge. In masu biki sun ƙi, ki haƙura da wannan aikin, domin aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo.

Taron baje koli kasuwa ce, ki je. Ki yi tallarki da bidiyon waɗanda suka ba ki izini da bakinsu, matar aure kuma har da sanin mijinta. In an kira salla, ki kashe na'urar.

Wallahu a'alam.