Me ya sa lokacin bai motsa ba?

Ka tambaye ni, "Maigida, sau uku na kunna manhajar nan yau, amma in na duba da stat, umarnin nan mai nuna bayanan fayil, sai in ga lokacin karantawa yana nan tun na safe. Ko faifan ne ya lalace?" Faifanka lafiyarsa ƙalau, ɗana. Matso kusa ka ji.

A Linux kowane fayil yana ɗauke da lokuta uku: mtime, sanda aka sauya abin da ke cikinsa, ctime, sanda aka taɓa bayanansa, kamar izini ko mai shi, sai atime, sanda aka karanta shi. Kunna manhaja ma karantawa ce, tunda sai an ɗebo ta an zuba a ƙwaƙwalwa kafin ta yi aiki. Ƙa'idar POSIX, wadda tsare-tsare irin su Linux ke bi, ta ce duk sanda aka kunna fayil a sabunta masa atime. To, tunaninka bai kauce ba.

Amma duba wahalar da ke ciki. In za a bi wannan sau da ƙafa, duk karantawa sai ta jawo rubutu a faifai. Ka buɗe fayil dubu don dubawa kawai, faifai ya yi ta aikin da ba wanda ya sa shi. Shi ya sa tun 2009, daga Linux 2.6.30, aka mai da wani tsarin sabunta atime mai suna relatime abin da ake tashi da shi. Shi ba ya sabunta atime sai in an sauya fayil ɗin bayan karantawar ƙarshe, ko kuma tsohon lokacin ya kai awa 24. Kunnawarka ta safe ta shiga, sauran biyun ya ƙyale su da gangan. Ba a kashe atime gaba ɗaya ba ne saboda irin su Mutt, manhajar imel mai gane sabuwar wasiƙa ta hanyar gwada atime da mtime. Leƙa fayil ɗin /proc/mounts ka ga tsarin da faifanka ke kai. In noatime ne, lokacin ba zai taɓa motsi ba; strictatime kuwa shi ne mai rubuta kowace karantawa.

Windows ma ta taɓa rufe wannan sabuntawar a NTFS, tsarinta na ajiye fayiloli, a zamanin Windows Vista, kuma ko a buɗe take, tana iya jinkirin awa guda. Tsohon tsarin FAT kuwa kwanan wata kawai yake riƙewa.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka ɗauki atime shaidar cewa wani ya kunna manhaja, balle ka goge fayil don ka ga ya tsufa. Manhajar ajiye kwafi tana motsa shi, mai farautar ƙwayar cuta ma haka, har grep ɗinka mai neman kalma cikin fayiloli. In shaida kake nema, kunna auditd, mai rubuta abin da aka yi a na'ura, a Linux, ko ka duba Prefetch, inda Windows ke barin sawun manhajojin da aka kunna. Kuma in aka kawo maka na'ura bincike, fara rubuta abin da stat ya nuna kafin ka kwafi komai. Shi stat ba ya taɓa lokacin, amma cp, umarnin kwafa, yana iya share maka sawun da kake bi.